Kallabin Gwaggo Dije

Ƙarar mazari ce ta jawo komai. Bara, bayan La'asar, ina zaune a tsakar gida ina kaɗi, mazarin na juyawa cikin taskira, sai na ji murya ta bayan katanga: "Yaya, don Allah mi ke wannan ƙara?" Mariyama ce, baƙuwar maƙwabtanmu, 'yar Maraɗi. Aikinta fim, irin wanda ake ɗaukar mutane a ainihin rayuwarsu, babu wasan kwaikwayo. Ba ta da kamfani, ita da kamerarta ne kawai. Na ce Gwaggona Dije ta koya mini, a wani ƙauye bayan Gabi. Sau takwas ta je wurinta tana ɗaukar ta fim. Da fim ya kammala ta ce babu wanda zai gan shi sai mai shi ta gani, kuma ran Juma'a za ta aika wa masu nuna finafinai a ƙetare. Maigida ya ba ni izini in raka ta.

Madarunfa zuwa Gabi

Ran Laraba ƙarfe biyar da rabi, muna idar da Asuba, muka fita. Mariyama na rungume da jakar ordinatar, wato kwamfuta, a ƙirji kamar jinjiri. Motar 'yan kasuwa muka samu, dala ɗari kowa, buhunan wake a ƙarƙashin ƙafafunmu. Direba ya ce a ɗora jakar bisa.

"Sai dai ka ɗora ni tare da ita," in ji ta.

"To Hajiya, ke kuɗin kaya za ki biya ko na mutum?"

Jandarmomi suka tsayar da mu a hanya, suka duba takardu. Ɗaya ya ga kamera ya tambayi gidan talabijin da take wa aiki. Ta ce babu. Ta miƙa takardar izininta, wadda ta sha ninki har ta fara rabewa. Ya karanta, ya ce Allah ya ba da sa'a. Bakwai saura kwata muna Gabi. Muka karya da ƙosai da koko.

Gabi zuwa ƙauye

Sanda, ɗan Gwaggo, ya tarye mu da amalanken jaki. Kilomita biyar ne, amma sai da muka ci awa guda da rabi saboda rairayi. A hanya Mariyama ta ba ni labarin yadda ta fara da kamerar aro, tana ɗaukar bukukuwan aure don ta samu na mota zuwa wurin tsofaffi irin Gwaggo.

Mun tarar Gwaggo ta rame, hannunta na rawa, ta daina kaɗi tun damina. Ta riƙe fuskar Mariyama ta ce, "Ɗiyata mai leƙen mutane ta dawo." Aka rataya zane a ƙofar ɗaki don a rage haske, aka kunna fim ɗin.

Gwaggo sai murmushi take. Ta ga akuyarta ta ce, "An sayar da ke, ga ki nan kuma!" Can kusa da ƙarshe aka zo inda take kaɗi tana rera waƙar da mahaifiyarta ke yi, ta yi dariya, sannan hawaye suka zubo. Ni ma na kasa riƙe nawa. A daidai nan ne, cikin fim ɗin, kallabinta ya zame, furfura ta bayyana.

"Tsaya," in ji Gwaggo. "Wa zai ga wanga?"

"Mutane da yawa, Gwaggo."

"Har maza?"

"Har maza."

"Tun da aka kai ni ɗaki, babu namijin da ya ga kaina sai marigayi mijina. Ba zan tona shi yanzu ina bakin kabari ba."

Mariyama ta tsayar da hoton. Na san wurin nan ne ran fim ɗin gaba ɗaya. Sanda ya ja ta waje, na bi su.

"Ki gyara ki nuna mata, amma ki aika na farkon," in ji shi. "Tsohuwa za ta bi ki Turai ne?"

Allah ya gafarta mini, ni ma zuciyata ta karkata ga maganarsa. Mariyama ta share ido da gefen mayafi.

"Ɗakinta ta buɗe mini, Sanda. Ita ba za ta sani ba, ni na sani."

Alhamis

A ɗakin Gwaggo muka kwana, bayan tuwon gero da miyar kuka. Da safe batirin ordinatar ya mutu. Sanda, yana gunaguni, ya kai mu Gabi wurin mai cajin waya, ya jira mu awa uku. A kan benci Mariyama ta yi aikin. Ta bar muryar yadda take, ta cire fuskar, ta sa hoton hannun Gwaggo da ta ɗauka a wancan zaman kaɗin: yatsu da alli, zare na fita daga auduga. Muka koma.

Gwaggo ta kalla har ƙarshe, ta dubi hannuwanta da ke rawa a cinya. "Ashe da haka suke," ta ce. "Ki kai shi duk inda kika ga dama." Ta sa aka ɗauko taskirarta ta ba Mariyama.

Gida

Biyar da rabi na yamma muka sauka Madarunfa. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da Maigida da ya riƙe gida, da Sanda da jakinsa. Kafin Mariyama ta kama motar Maraɗi ta nuna wa yarana wurin da ta gyara. Autata Rabi, mai shekara shida, ta ƙura wa hoton ido, ta kama hannuna tana juya shi.

"Inna, ga hannunki can ya tsufa. Gobe ki ba ni mazarin."