Miƙaƙƙen Layi a Gonar Gwaggo

Shekara bakwai na yi a lakkol, wato makarantar boko, na faɗi satifika sau biyu, aka sallamo ni. Abin da na dawo da shi gida bai wuce kaye uku, littattafan rubutuna, da iya jan layi ba. A jan layi dai ba wanda ya kama ƙafata a ajinmu, domin malaminmu, Mushe, yana dukan yatsu idan layi ya karkace, ni kuwa ina son yatsuna. A garinmu, can gefen Tamaske, aka laƙaba mini Madam, kuma ba don girmamawa ba. In na ɗauki taɓarya sai mata su ce a yi sannu kada Madam ta karye. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Shekarar da ta biyo bayan yunwa aka kawo aikin jera duwatsu a gonaki da fako, don ruwan sama ya riƙa tsayawa yana shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta. Maza sun tafi cin rani, saboda haka mata suka ɗauki duwatsun a ka. Shugabar matan unguwarmu yayar mahaifina ce, Gwaggo, gajeriyar mace mai tsadar magana, wadda ban taɓa jin ta yabi ko miya ba.

Kafin a jera dutse sai an auna. Shef ɗin aikin ya zo da dogon tiyo cike da ruwa, an ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna masu lamba. Mutum biyu ke riƙewa. A yi ta matsar da sanda ɗaya har ruwan ya tsaya a lamba guda a duka sandunan, sannan a kafa turke. Shef ya tambaya wa ya san lamba. Gwaggo ta nuna ni da haɓa.

"Ga wagga. Shekara bakwai muna daka tana ƙidaya."

Kwana biyu ya koya mini, ya hau babur ya wuce wani gari. Gonar Gwaggo aka fara ba ni, don ba wadda ta yarda a fara da tata.

Na auna tiryan-tiryan yadda aka nuna mini. Da na gama na hau tudu na duba, sai na ga turakun sun yi ta kwane-kwane kamar sawun maciji. Kunya ta rufe ni. Na ce a raina, abu ɗaya na iya a duniya, shi ma in ɓata a gaban matan nan? Washegari da sassafe na tuge duk turken da ya kauce, na ja igiya, na sake kafawa. Kwana tara mata suna jera duwatsu. Layin ya fito a miƙe sambal, da Mushe ya gani da ya ba ni goma bisa goma.

Gero ya yi tsawon taƙi lokacin da aka yi babban ruwa da la'asar. Ashe gonar tana da ɗan kwari a tsakiya, layina ya ratsa shi. Duk ruwan ya taru can, ya ture duwatsun, ya yanka rami mai kai ƙugu, ya tafi da rabin shukar.

Da safe Gwaggo ta kama wuyan hannuna ta ja ni gona. Na shirya jin faɗa. Ba ta yi ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta nuna mini inda ruwan ya kai kafin ya ɓalle, ya bar jerin tsinkaye da kashin awaki.

"Bi shi, ɗiyata. Da ƙahwa."

Na bi. Ya yi kwana nan, ya lanƙwasa can, daidai inda turakuna na farko suke. Na tsaya a ƙarshe ina kuka, ita kuma tana cire ƙaya a takalminta.

Shef ya iso da hantsi, mata sun cika bakin ramin. Ya tambaya wa ya taɓa turaku, na ce ni. Bai zage ni ba. Ya naɗe tiyon, ya ce zai kawo wani daga Keita. Wata a bayana ta ce dama Madam ai sai takarda.

"Aje tiyon ga," in ji Gwaggo. "Wanda za ka kawowa, ya taɓa ɓata gona?"

Ya ce a'a.

"To bai sani ba tukun. Wagga ta sani. Gerona ya tahi wurin koya mata, kuma ba ni da wata gona da za a koya ma wani."

Shef ya dube ta, ya dubi ramin, ya miƙo mini tiyon. Na riƙe shi shekara huɗu, na auna gonakin garinmu da na maƙwabta, har wadda ta ce sai takarda ta zo da kanta ta kira ni gonarta. Gwaggo ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma taɓa cewa na yi daidai ba.

Rumbunta ya ƙare da wuri a shekarar. Tun kafin bazara, duk lokacin da aka zauna shan fura da rana sai ta tura mana ƙwaryar ta ce ita tana ramuwar azumi. Mu kuwa mu shanye. Sai da na girma na zauna na ƙidaya, ni da aka ce na san lamba. Wata uku ta yi tana wannan ramuwar, azumi kuwa wata ɗaya ne.