Alden Rusk, Wanda Ba a Ga Fuskarsa Ba

Ranar Talata, tara ga watan Maris na 1999, da hantsi, matarka Lorraine ta buga mini waya daga asibiti a Burbank. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Gus, abokinka ya tafi." Alden, zuciyarka ce ta tsaya, kana da shekara saba'in da ɗaya. Na zauna a kicin har shayina ya huce, hawaye bai zo mini ba sai da yamma.

Alden, duniya ta san Kyaftin Shirwa, ni kuwa kai na sani. Tun muna samari muke wasan kwaikwayo a ƙananan dandamali, ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Burinka guda ne, a kalli fuskarka a ce wannan ɗan wasa ne na gaske. Kuma ka isa. Na sha ganin ka sa ɗakin kallo ya yi tsit da ɗaga gira kawai.

A 1966 aka ɗauke mu a wani sabon shirin talabijin, kai jarumi Kyaftin Shirwa, ni shugaban 'yan sanda. Da aka kawo kayanka, matsattsen wando ruwan hoda, alkyabba mai fukafukai, da abin rufe fuska mai bakin tsuntsu, na ce, "Alden, ko kaza ta gan ka a haka sai ta kai ƙara." Amma mai ba da umarni, Sid Fenner, ya ja mu gefe ya rantse mana cewa labari ne mai nauyi, na mutumin da aka kashe wa ƙane, kuma a kashi na uku za a buɗe fuskarka. Muka yarda. Sai daga baya muka gane dabararsa. A ganinsa, ɗan wasan da ya san barkwanci yake yi ba ya ba da dariya, don haka ya hana a gaya mana, ya ce duk ma'aikacin da ya yi ko murmushi a wurin ɗauka, a bakin aikinsa. Masu kyamara suka yi ta tari, mu muna zaton ƙurar ɗakin ce.

A kashi na farko akwai inda Kyaftin yake durƙusa a kan kabarin ƙanensa. Kai kuma ƙanenka Ray ya mutu a yaƙin Koriya, ko gawarsa ba a kawo ba. Ka ajiye abin da aka rubuta maka, ka yi magana da Ray. Ina tsaye a gefe ina jin muryarka tana rawa.

Ranar da za a fara nuna shirin ka sayi talabijin mai launi, Lorraine ta gasa nama, maƙwabta suka cika falo. Ka ɗauko mahaifiyarka tun daga Fresno ka zaunar da ita a gaba. Da aka zo wurin kabarin, sai muka ji an ɗora dariyar jama'a wadda aka naɗa tun tuni. Duk sunkuyawar da ka yi bakin tsuntsun yana taɓa dutsen kabari, sai a kaɗa ƙararrawa. Falo ya kece da dariya. Wani maƙwabci yana dukan cinya yana cewa, "Kai, Alden, ashe haka kake da abin dariya, shekara da shekaru kana ɓoye mana!" Mahaifiyarka ta gane kalmomin, domin su ka faɗa a coci ranar addu'ar Ray. Ta juyo a hankali ta ce, "Ɗana, Ray ɗina ne ake wa dariya?" Ka tashi ka fita bayan gida, ba ka dawo ba sai da baƙi suka watse.

Shirin ya karɓu fiye da zato, aka yi shekara uku ana yi, ba a taɓa buɗe fuskar ba. Bayan ya ƙare duk ƙofar da ka buga sai a ce maka da an ji muryarka za a fara dariya. Haka ka tsufa ana gayyatarka bikin buɗe sababbin kantuna da wuraren sayar da motoci, cikin fukafukai, cikin zafin rana.

Duk da haka ban taɓa ganin ka huce a kan wani ba. Da matata Doris ta kwanta ciwon ajali, kai kake kai mu asibiti kowace Alhamis, ka jira a mota har mu fito. Da jikin Sid ya shanye, ba shi da kowa, kai kake zuwa kana ba shi miya da cokali. Na yi maka faɗa, ka ce, "Gus, tsoho ne mai jin yunwa, ƙyale ni." Ni dai har gobe ban yafe masa ba, ba ni da irin zuciyarka.

Ranar jana'iza Lorraine ta ce a bar akwatin gawar a buɗe, kwat ɗinka baƙa, ba ko gashin tsuntsu ɗaya, yau dai a gan ka. Jama'a suka yi dogon layi, da yawansu cikin alkyabba. Wani magidanci da fukafukai a bayansa ya leƙa akwatin, ya daɗe yana kallo, sannan ya matso kusa da ni ya ce, "Baba, yi haƙuri, ina ɗakin da aka ajiye Kyaftin Shirwa? Kamar mun ɓata hanya, wannan wani tsoho ne."

Na ce, "Wannan Alden Rusk ne."

Ya ce, "Ayya, Allah ya jiƙansa." Ya fita neman ɗakin.

Allah ya jiƙanka, Alden, ya gafarta maka, ya sada ka da Ray da mahaifiyarku. Lorraine, da ke da 'yarku Paula da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku. Mu da muka rage, Allah ya kyautata ƙarshenmu.