Kalmar da ta ɗaure Yaya Idi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Idi a gidan kaso. Manomi ne a Tsarnawa, mai gero da wake, bai taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba. Ni ne ɗan bokon gidanmu, malamin lakwal, kuma da kunya nake wannan rubutu.

Rumbun maƙwabcinmu ne ya ƙone, kwana kaɗan bayan shi da Idi sun yi cacar baki kan iyakar gona, jandarma suka zo suka tafi da Idi. Ranar shari'a ina zaune a benci na biyu. Alƙali ya tambaya da Faransanci ko ya amsa laifinsa. A harshensu kalma ɗaya ce ke ɗaukar amsa laifi da gane abu, tafinta kuwa ya cafki wadda ta fi kusa da bakinsa, ya ce: "Ka gane abin da aka ce ka yi?"

Idi ya ce: "Na gane, ranka shi daɗe."

Aka rubuta ya amsa, aka yanke masa shekara biyar. Na ji kuskuren da kunnena, na san shi sarai, amma ban miƙe ba. Sabon ma'aikaci ne ni, ina tsoron a ce ƙanen mai laifi ya yi wa kotu tsaurin ido.

Daga baya na yi ta aika takardu. Babbar kotu ta rushe hukuncin, ta ce ba a ɗaure mutum kan amsar tambayar da ba a yi masa ba. Magana mai kyau, ba laifi. Takardar ta iso wata huɗu bayan tari ya gama da shi.

Yanzu ana ta yabon alƙalai, wai fursuna ma yana da haƙƙin a tambaye shi da harshen da yake ji. Da Idi na nan, na san dariya zai yi, ya ce: "Malam, ashe sai an rubuta kahin su san Bahaushe Hausa shika ji?"

Me ya rage daga gare shi? Takarda a akwatin matarsa, da Faransanci, ba mai iya karanta ta sai ni. A kasuwa har yau 'ya'yan mai ƙona rumbu ake ce wa 'ya'yansa. Ni kuwa ina nan ina koyarwa, amma tun daga ranar shari'ar ban sake tambayar 'yan aji "Kun gane?" ba. Tsoro nake ji su ce e.