Kallabin Ɗiyar Mai Kitso

Innata ce mai kitson unguwarmu a Illela, ni kuma kaina ne tallarta. Duk kitson da ta ƙago, a kaina take fara shi, ran kasuwa ta aike ni sayen daddawa kai ba kallabi, mata su tare ni suna jujjuya ni kamar tunkiyar sayarwa. Ina jin daɗin abin, har yanga nake ƙarawa. Babanmu ya tafi cin rani Najeriya bai dawo ba, da tsinken kitson nan muke ci.

Shekarar da zan yi jarrabawar fita lakwal, wato makarantar boko, wata safiya tana tsefe mini kai, sai na ji hannunta ya tsaya. Wuri ne a bayan kunnena, faɗin bakin kofin shayi, sumul ba gashi, ba ƙaiƙayi ba ƙurji. Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa.

"In matan ga sun gani, cewa za su yi makero na, matajina ad da cuta," in ji ta. "Mi za mu ci?"

Da farko ta riƙa jawo kitso tana rufe wurin, ta kuwa iya. Amma wuraren suka yi ta ƙaruwa suna haɗewa, har babu abin jawowa, gira ma ta bi. Ta ɗaura mini kallabi da wani ƙulli mai cizon ƙeya. A lakwal kuwa yara kan fizge wa juna kallabi don wasa, saboda haka ta hana ni zuwa, ta gaya wa kowa na tafi Dogarawa jinyar gwaggona.

Wanda aka ce yana Dogarawa ba ya leƙa tsakar gida. Dogarawata ita ce ƙuryar ɗaki, tsakanin buhun gero da tarin kwanoni. Mata na zaune a inuwar darbejiya ana yi musu kitso, ina jin hirarsu da warin man shanu, ina danne tari. Fitsari ma sai na riƙe har ta ƙarshensu ta tafi. Ƙawata ta zo tambayar yaushe zan dawo, ina kallon ƙafafunta ta ƙarƙashin labule. In an watse, Inna ta murza mini tafarnuwa a kai har fata ta saluɓe, ta ba ni rubutu in sha. Na tsani kaina, na tsani tafarnuwa, kuma a lokacin na tsane ta.

Da abin ya ƙi, ta kai ni likita a Konni, don can ba mai saninmu. Malamin jinyar ya duba kan, ya duba farcena, ya lalubi wuyana. Ya ce ba makero ba ne, ba a ɗauka, jiki ne da kansa yake faɗa da tushen gashi. Ya ce yana zaton masu shi sun fi yadda ake gani, ɓoyewa ake yi, shi ya sa yake tambayar duk wanda ya zo. Wani lokaci yana tafe da ciwon maƙoƙo ko fararen tabo a fata. Sai ya juya ga Inna.

"Cikin danginku akwai mai irinai? Ko mai kumburin wuya?"

Ta gyara gyalenta ta ce, "Babu kowa. Ita ɗai ta."

Maganar nan ta fi tafarnuwa zafi. A motar komawa na ce mata ai ya ce ba a ɗauka, in koma lakwal. Ta ce, "Shi za shi bi gida gida ya hwaɗa ma mata?" Jarrabawa ta wuce ina ƙurya. Daga baya gashin ya tsiro, fari fari, aka ce na dawo daga Dogarawa. Har yau yakan zo ya tafi yadda ya ga dama, lakwal ce ba ta dawo ba.

Ina da aure da ɗiya biyu wuyan Inna ya kumbura sosai. Ta rame, hannunta na rawa har tsinke ya gagare ta, amma ta ƙi zuwa likita, ta rasu da damina. Tsohuwar da ke wa mata wankan gawa a unguwar ta ce ni ce ɗiya, in shigo da mataji, a raba gashin uku a kitse kamar yadda ake yi wa mamaciya.

Na kwance ƙullin. Ban taɓa ganin kan uwata ba, sai a lokacin na lura da haka. Sumul yake, tun daga goshi har ƙeya. Da ruwa ya taɓa fuskar, girar ma ta wanke, ashe kwalli ne.

"Tun tana budurwa," in ji tsohuwar. "Ke ba ki sani ba?"

Na tsaya da mataji a hannu. Da ta ɗaga kallabin nan sau ɗaya a ƙuryar can, da na san mu biyu ne. Haushi ya taso mini, ga shi ba wanda zan yi wa faɗa.

Sai na ji takun mata a bakin ƙofa, masu kawo likkafani, duk waɗanda ta yi wa kitso ne. Kafin su ɗaga labule na mayar mata da kallabin, na ja ƙullin da ƙarfi, irin nata.