Ɓarawon da ya iya gaisuwa

Baffana, yayan mahaifinmu, bai yarda da kowa ba. Ko ƙwai ka sayar masa sai ya kaɗa shi a kunne. Da takardar kuɗi ta yi wuyar gani a ƙauyenmu na Hausawa da ke kusa da Wad Haddad, nan gabas cikin Larabawa, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, shi ne na ƙarshen miƙa wuya. Ni na raka shi Sinnar aka buɗe masa asusu. A hanyar dawowa na ja masa kunne: lambar sirri ba a faɗa wa kowa, haka wadda banki ke turowa ta saƙo, ko da mai tambayar ya rantse shi ne bankin.

"Ke ɗiyar nan," in ji shi, "ni za ki koya ma rowa?"

Da gaskiyarsa. 'Yan damfara sun kira shi ba adadi da Larabcinsu mai santsi, yau wai ya ci kyauta, gobe wai za a rufe asusu. Yakan bari su gama tsaf, sannan ya tambaye su ko uwarsu ta san sana'ar da suke yi. Har shayi yake sa a kawo masa don zagin ya fi daɗi.

A asusun nan ya tara kuɗin noman hawasha, wato gonarsa ta filin ban-ruwa: na tarakta, na iri, na taki. Ruwa kuwa in an sako shi ba ya jiran kowa. Wanda bai yi huɗa ba ya yi asarar shekara.

Wata la'asar muna gindin darbejiya wayar Baffa ta yi ƙara. Mai kiran ya yi sallama, ya ce, "Baba, ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali, yaya bisashe?" Hausa tsantsa, irin wadda jikokin Baffa ba sa iya jera magana biyu da ita ba su tsoma Larabci ba. Na ga tsoho ya gyara zama. Wai ma'aikacin banki ne, kakansa ma da ƙafa ya taso daga Sakkwato, kamar namu. Suka hau jero garuruwan da kakanni suka yada zango, Baffa har da share ƙwalla. Ni sakarya, na ɗauka hira ce, na tashi duba tukunya.

Da na dawo na tarar yana karanto lambobi daga saƙo, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada yaron kirki ya yi kuskure. Na fizge wayar, amma aikin gama ya gama.

"Baffa, lambar ka ba shi?"

"Namu na! Ɗanmu ya shiga banki, shina gyara min asusu kada ɓarayi su taɓa. Kin taɓa jin ɓarawo ya tambai lafiyar awaki?"

Bai rufe baki ba saƙo ya shigo. An share asusun tas, ko na shayi ba a bari ba.

Na so in yi masa faɗa, na kasa. Haushina yana kan wancan ɗan banzan, da ya san ainihin abin da tsohon nan yake kewa, ya zo masa da shi. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ruwa ya zo, Baffa ba shi da na tarakta. Ya ba maƙwabci hawashar ya noma. Da kaka na kai masa abinci, na same shi cikin 'yan ƙwadago, yana yankan dawa a gonarsa don ladan yini. Wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce daga Rufa'a, na ji muryarta tana cewa, "Yaya, ina wuni?"

Ya janye wayar daga kunne ya duba lambar. Sannan ya amsa mata da Larabci.