Bindigar da Na Manta a Aljihun Jaka

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da takwas, da miji da 'ya'ya uku a Kano, da shagon jakunkunan mata da nake ji da shi. Sau biyu a shekara nake zuwa Guangzhou saro kaya, in yi wata biyu ko uku kafin in juyo. A unguwar Dengfeng nake sauka, a wani gida mai ɗaki biyu da falo da muke kamawa tare da wata baiwar Allah 'yar Maraɗi, wadda ta girme ni da kusan shekara ashirin. Ita rigunan yara take sarowa a kasuwar Shisanhang. Yaya nake kiranta, ita kuma ta ce mini ƙanwa. Ita ta koya mini hawa jirgin ƙasan cikin gari da muke kira metro, ita ta nuna mini inda ake samun naman halal mai kyau. Tana da ciwon suga, kullum da safe sai ta yi wa kanta allura kafin mu karya.

Akwai abin da nake ɗauke da shi a raina wanda ba kowa ya sani ba. Shekara biyu kafin nan, 'yan bindiga suka tare motarmu da rana tsaka a hanyar zuwa bikin wata 'yar uwa. Suka kwantar da mu a bakin titi, ɗayansu ya ɗora mini bakin bindiga a ƙeya yana dariya. Ba a kashe kowa ba, ba a tafi da kowa ba, shi ya sa duk wanda ya zo jaje sai ya ce in gode wa Allah, maganar ta wuce. Na gode Masa, amma maganar ba ta wuce ba. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai in zabura. Ban taɓa zuwa wurin likita ba, ban taɓa zaunar da mijina na faɗa masa yadda nake ji ba.

A Shiling abin ya fara, garin da muke zuwa a mota don sayen jakunkuna a masana'antu. Wata mai masana'anta da muka saba ta ɗauko mini wata jaka ruwan ƙasa da suke ɗinka wa 'yan Amurka. A gefenta akwai ɓoyayyen aljihu mai zif, wanda in ba a nuna maka ba ba za ka lura da shi ba. Ta ce aljihun na saka bindiga ne, ta zaro wata 'yar ƙarama ta roba don in ga yadda take shigewa. Ko tafin hannuna ba ta gama cikawa ba. Da na riƙe ta sai na ji wani abu ya kwanta a ƙirjina, irin kwanciyar da na yi shekara biyu ban ji ba. Cikin wasa na tambaye ta ko akwai ta gaske. Ta daina murmushi ta ce meyo, wato babu, ta haɗa hannayenta biyu kamar an sa mata ankwa. Na yi dariya, na sayi jakar na taho.

Daga ranar na shiga kallon bidiyon ƙananan bindigogin aljihu a waya. Na san wadda ake ja ta baya, na san wadda ke shiga aljihun riga ba a gane ba, na san inda ake danna makulli. Sai na haɗu da wani mutum mai sayar da kayan wasa, ya shigar da ni bayan shagonsa ya nuna mini wata ta ƙarfe, mai nauyi, da ke harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ƙarfin iska. Ya ce abin wasa ce. Na ga yadda yake waige-waige, na kuma san mai sayar da abin wasa ba ya ɓoye shi a bayan shago, amma na zaɓi in yarda. Na sayi ɗaya. A zuwana na gaba na sayi wata mai ruwan azurfa da farin mariƙi, don kawai ta yi mini kyau. Kafin in ankara sun zama biyar. A kwalin takalmi nake ajiye su ƙarƙashin gado, kowace a naɗe da ɗankwali. In Yaya ta fita sai in jera su a kan katifa in goge su ɗaya bayan ɗaya. Mafi ƙanƙantarsu kuwa kullum tana cikin ɓoyayyen aljihun jakata. Na daina hawa metro saboda ana sa jaka a na'urar bincike a bakin tasha, sai tasi. Wato na san abin da nake yi.

Wata rana Yaya ta dawo da wuri ta same ni da su a baje. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin gado ta ce mini ta yi shekara goma sha biyar tana zuwa ƙasar nan, kuma ta san ba sa bambance wasa da gaske a irin wannan abu. Ta tambaye ni wa nake tsoro a nan, inda mace ke yawo ita kaɗai ba mai taɓa ta. Sai na fashe da kuka. Ta rungume ni, ta sa na yi mata alkawarin zan zubar da su. Bayan kwana biyu na ce mata na zubar. Ƙarya na yi, akwati kawai na mayar da huɗu na kulle, ƙaramar kuwa na bar ta a jakata.

Ranar wata Laraba da safe igiyar jakarta ta tsinke, tana sauri za ta Shisanhang ta karɓi kayan Sallah. Ina banɗaki ta ɗaga murya ta tambaye ni ko za ta ari jakar da ke rataye a bayan ƙofa. Na ce ta ɗauka. Sai da na fito, na yi kwalliya, na miƙa hannu zan ɗauki jakata, sannan na tuna abin da ke cikinta. Na kira wayarta ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira na ji ta a kashe. Bayan azahar wani ɗan kasuwa ɗan Yamai da suka fita tare ya zo ya ce mini an tsare Yaya a bakin tashar metro, na'ura ta nuna bindiga a jakarta, 'yan sanda sun tafi da ita. Yana ta rantsuwa cewa sharri aka yi mata. Ina tsaye ina jinsa, na bar shi ya tafi bai san jakata ce ba.

Abin da na yi bayan fitarsa shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu. Na kwashe sauran huɗun a leda, na hau tasi zuwa wata unguwa mai nisa na jefa su a kwandon shara. Na haɗa kayana na koma ɗakin wata ƙawata, na ce mata tsoron zama ni kaɗai nake ji. Na shiga neman yadda zan matso da ranar tafiyata. Kwana huɗu na yi a haka. Ina sallah, ina cin abinci, har ina karɓar jaje daga mutane a matsayin ƙanwarta, alhali na san allurarta tana cikin firij a gidan da na gudu na bari. Nakan ce wa kaina za su gane tsohuwa ce su sake ta. Ban yarda da hakan ba ko sau ɗaya.

A rana ta biyar ɗan Yamai ɗin ya neme ni. Ya ce 'yan kasuwar Nijar sun ɗauki lauya, lauyan ya samu ganinta. Ta gaya wa 'yan sanda a kasuwa ta sayi jakar, ba ta san da komai a ciki ba, ta kuma ƙi ambatar sunan kowa. Sannan ta ba da saƙo a kawo mini, shi ma bai gane ma'anarsa ba, amma ya maimaita shi yadda aka faɗa masa: "A ce wa ƙanwa ta tafi gida. 'Ya'yanta ƙanana ne, nawa sun girma."

Na shiga ɗaki na kira mijina na faɗa masa komai, tun daga bakin titin nan har zuwa kwandon shara. Ya saurare ni har na gama. Da ya buɗe baki sai ya ce shi zai iya riƙe yara ko na shekara nawa ne, amma bai san yadda zai riƙe ni ba in na dawo na bar matar nan a tsare. Washegari shugaban 'yan kasuwarmu ya raka ni ofishin 'yan sanda da tafinta. Na faɗi gaskiya, na kai su inda na zubar da sauran. Ashe ma sun riga sun fara bin sawuna ta kyamarorin titi, har sun gano ledar. Da aka gwada ƙarfin harbinsu, uku daga cikin biyar ɗin suka shiga sahun bindiga a dokarsu. Saboda na kai kaina aka sassauta mini, aka yanke mini shekara ɗaya da wata biyu, da na gama aka sa ni a jirgi aka hana ni sake shiga ƙasar. Autata tana aji ɗaya na tafi, na dawo ta iya karatu, tana kallona kamar baƙuwa.

Yaya kwana goma sha tara ta yi kafin a sake ta. Sun ba ta magani a can, amma tashin hankali da canjin abinci sun birkita mata suga, wani ɗan ciwo da ke ƙafarta ya ruɓe. Bayan ta koma gida sai da aka yanke mata yatsu biyu. Saboda ta ɓoye gaskiya don ta kare ni, aka soke bizarta. Kasuwancin da ta gina a shekara goma sha biyar nan ya tsaya.

Wata biyu da dawowata na tafi Maraɗi. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, ƙafar a naɗe. Na durƙusa na kasa ɗago kai. Ta sa aka dama mini fura, ta tambaye ni yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sai da zan tafi ta ce mantuwar jaka ba ta taɓa riƙe ni da ita ba, kowa yana mantuwa, gudun da na yi ma ta gane shi, tsoro ne. "Amma ƙanwa, kin dube ni kin ce kin zubar." Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, na kuma yarda ta yafe. Muna gaisawa da Sallah. Hirar da muke yi a da dai ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu ina ganin likitar ƙwaƙwalwa a Kano. A wurinta na gane cewa bindigogin nan ba su taɓa rage mini tsoro ba. Ranar da na fita babu ɗaya a jaka, tsoron ninkuwa yake yi, shi ya sa ɗaya ba ta ishe ni ba, biyar ma ba za su ishe ni ba. Ban taɓa harbin ko bango da su ba, amma sun cinye ƙafar matar da ta fi kowa kyautata mini a baƙon wuri.

Ina roƙon 'yan uwana masu zuwa saro kaya, maza da mata: duk abin da ya yi kama da bindiga, ko an rantse muku abin wasa ne, ku bar shi inda kuka gan shi, kuma ku duba kowane aljihu na jakar da kuka ara ko kuka bayar aro. Wanda kuma wani tashin hankali ya taɓa samu, har yau yana firgita shi, ya nemi wanda zai faɗa wa tun da wuri. Ni na ɓoye nawa sama da shekara biyu ina ganin ni kaɗai yake ci, sai ga shi wata ce take ɗingishi saboda shi.