Ɗakin Baƙi na Yaya Bulus

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Bulus a Manchok, kuma har yau in na shiga falonsa na Kafanchan sai raina ya ɓaci. Ba kewa kaɗai ke ɓata shi ba.

Aikin jirgin ƙasa ne ya kai shi Fatakwal yana saurayi, ya dawo mana da cutar da ba ta jin magani: kiwon kifin teku a akwatin gilashi. A Kafanchan fa! Gishirin ma daga Legas ake aiko masa, ya dama ya auna kamar mai haɗa wa jariri madara. Unguwa ta yi masa dariya har ta gaji.

Babban akwatin yana falo. Akwai kuma wani ƙarami a lungun kicin, wanda yake kira ɗakin baƙi. Duk sabon kifin da ya iso cikin leda, a galabaice, launinsa ya koɗe, nan yake sauka shi kaɗai. Yaya ya rufa masa tsohon zane, ya jefa masa guntun bututun roba ya ɓuya, ya yi makonni yana lura da cinsa da numfashinsa kafin ya haɗa shi da na falo. Yakan ce wanda ya sha hanya, ciwon da ke ɓoye a jikinsa ke tashi. A bar baƙo ya huta, a kuma kare 'yan gida.

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Ɗansa Danladi ya gaji falon da akwatin, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Takarar kansila yake nema, tun ba a kaɗa ƙuri'a ba ya sa yara suna ce masa Honorabul. Bara, da za a yi sujadar tunawa da uban, ya gayyato manya, ya yi odar wani shuɗin kifi mai faɗin tafin hannu don a gani a faɗa. Na same shi yana kwance ledar a kan babban akwatin. Ɗakin baƙi kuwa an cika shi da ƙanƙara da kwalaben lemo.

"Danladi, ka san dokar babanka."

"Haba Anti, wannan tsohon yayi ne. Manya suna zuwa, zan ɓoye shi a kicin? Kifin nan lafiya lau, ki duba kala!"

Ya juye. Manya suka ɗauki hoto, suka ci shinkafa, suka tafi. Ba wanda ya ambaci Bulus bayan Amin ɗin fasto.

Kafin sati ya zagayo, fararen ɗigo sun feso wa baƙon kamar an barbaɗa masa gari. Shi ya fara mutuwa, saura suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, Honorabul na tsame su da cokalin miya yana zagin mai sayarwa. Ni hankalina na kan Direba, ɗan kifi mai launin ruwan lemo da farar ɗamara, na ƙarshe cikin waɗanda Yaya ya ciyar da hannunsa. Ranar da na gan shi yana goga jiki a dutse, alamar cutar ta kama shi, ban nemi izinin kowa ba. Na zubar da kwalaben, na wanke ƙaramin akwatin, na kwashi ragowar gishiri da maganin Yaya, na kai Direba da akwatin gidana.

Da Yaya zai leƙo falonsa yau, tarwaɗa zai gani a akwatin nan, ana kiwonta don farfesun 'yan kamfe. Na san ba zai yi faɗa ba, tsaki ɗaya zai ja, wanda ya fi mari.

Direba ya warke, yana ci, yana zagaye bututunsa. Gida da fili da suna duk suna hannun Danladi, ya je ya yi ta fama. Abin da ya rage na Bulus yana kan teburina: ɗan akwatin da aka raina, da tsohon ɗan gida da aka kora zuwa ɗakin baƙi.